Ƙamshin da ke Gidan Gaba

Shekarun baya, cikin wata damina, idona ya fara sauka a kan abin a gilashin gaban motar yayana. Mun baro Birnin Kudu da hantsi za mu Gwaram, ina zaune a baya, sai na ga wani ɗan fili a gilashin ya yi gumi, daidai saitin kujerar da ke gefen direba. Ɓangaren Yaya tas yake. Nan kaɗai ya dushe, kamar wani na zaune yana huci a kai. Kuma babu kowa a kujerar.

Tun rasuwar matarsa babu wanda ya ƙara zama a gidan gaba. Bai hana kowa da baki ba. In ka kama ƙofar sai ya kalle ka, kai da kanka ka koma baya. Aurensu bai yi nisa ba zazzaɓi ya ɗauke ta. Shi kuwa da motar yake neman abinci, yana saro riɗi da gyaɗa a ƙauyukan Gwaram. Mahaifiyarmu ce ta ce in riƙa bin sa, don ba ta son yadda ya koma shiru.

Ba mu wuce Kiyako ba sai ga ƙamshi. Mai zaƙi ne, mai ɗumi, kamar an ɗora zuma a wuta. Marigayiya tana da wata humra mai irin wannan zaƙin. Yaya ya ɗaga gilasan gefe duka, bai juyo ba ya ce, "Kin ji?"

Na ce, "Na ji, Yaya."

Ya ce, "To ki bar shi a cikinki."

Ni kuwa a lokacin littattafan soyayya sun gama cika mini kai. Haya nake karɓowa a kasuwa, in ɓoye a ƙarƙashin matashi. Na san wanda ya mutu ya tafi ke nan, an koya mini tun ina ƙarama. Amma zuciyata ta ce ga irin son da nake karantawa ya zo har cikin motarmu. Tsoro nake ji, ina kuma jin daɗin tsoron.

Abin ya ci gaba. Dardumar da ke ƙasan kujerar, inda ƙafafunta suke sauka, ta fara yin laima. A shanya ta ta bushe, a yi tafiya ɗaya ta sake jiƙewa. Sannan kullum da safe sai Yaya ya ƙara koren ruwan nan na lagireto, wanda yake saye a galan don ya fi ruwan rijiya kare injin. Ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana a kai, aka wayi gari babu ɗigo ko ɗaya. Bakaniken unguwarmu ya buɗe bonet, ya laluba lagireto da tiyo, ya ce shi bai ga yoyo ba. Yaya ya dube ni ya ce a hankali, "To wa yake shan ruwan?" 

Daga nan ya shiga wata sabuwar ɗabi'a. Bayan la'asar sai ya tayar da injin a ƙofar gida, ya rufe gilasai, ya zauna. Ana hango leɓensa yana motsi. In ya fito idonsa jawur, yana dafe kai, abinci ma ba ya iya ci. Wata rana na ji Inna da Baffanmu suna magana a zaure. Sun yanke cewa ranar Juma'a, bayan an sauko masallaci, za a karɓe makullin motar, a kai shi wajen wani malami mai ruƙiyya can wajen Unguwar Ya, ya zauna har sai abin da ya kama shi ya sake shi. Na san Yaya. In aka fitar da shi daga gida a matsayin mai taɓin hankali, ba zai ƙara ɗaga kai a garin ba.

Ranar Alhamis muka kama hanyar Gwaram. Wajen Dingaya gumin ya haura ya rufe gilashin duka. Sai na ga wani farin tururi yana fitowa daga ƙasan dashbod, siriri, yana murɗawa kamar hayaƙin kasko, ya hau kan kujerar ya tsaya. Bakina ya kama addu'a da kansa. Yaya bai rage gudu ba, kuma ba titi yake kallo ba, kujerar yake kallo, yana murmushi. Allurar zafin injin ta kai ja. Na daki kafaɗarsa na ce, "Yaya, don girman Allah ka tsaya!"

Ya tsaya. Muka jira injin ya huce, muka roƙi ruwa a wata ruga, muka lallaɓa har gidan ƙanin kakanmu a Gwaram, tsohon direban babbar mota.

Tsohon yana ganina ya ce, "A'a, amarya! Kin gaji da samarin Birnin Kudu kin dawo mini? Me ya sa fuskarki ta yi fari kamar kin ga ɗan sanda?" Na zayyana masa komai, har da humrar. Bai yi dariya ba, bai kuma nufi bonet ba. Kai tsaye ya buɗe ƙofar gidan gaba. Yaya ya yunƙura kamar zai riƙe shi, ya fasa.

Tsohon ya durƙusa da ƙyar, ya shafa dardumar, ya murza yatsunsa, ya shinshina. Ya ce, "Amarya, ara mini bakin mayafinki." Fari ne. Ya tura shi can ƙarƙashin dashbod ya jawo. Ya fito kore, yana santsi.

Ya ce, "Ga mai shan ruwanku. Motar nan a ƙasar sanyi aka ƙera ta. A bayan dashbod ɗin nan akwai wani ƙaramin lagireto, hita, na ɗumama cikin mota. Mu nan wa ke neman ƙarin zafi? Ba ma taɓa shi, har mu manta yana nan. Amma ruwan injin yana ratsa shi kullum. Ya yi tsatsa ya huje, shi ya sa yake zuba a ciki, ba a ƙasa ba. Koren ruwan nan kuwa in ya yi zafi zaƙi yake yi. Kai kuma, ɗan nan, shi kake ta shaƙa ka rufe gilashi, dole kanka ya yi ciwo."

Ya nuna mana tiyo biyu da suka taso daga injin suka shige bangon motar. Ya ce a zare su, a haɗa bakinsu da guntun bututun ƙarfe, a ɗaure, ruwan ya daina shiga ciki. Ya ɗauko bututun daga tsohon akwatin kayansa. Sai Yaya ya ce, "Kaka, in an haɗa, ƙamshin zai tafi?"

Tsohon ya ce, "Zai tafi, ɗan nan. Ita ba ta cikin mota. Addu'arka take jira."

Yaya ya miƙa hannu ya karɓi sukundireba. Shi ya zare tiyon, shi ya haɗa, shi ya ɗaure. Kansa yana cikin bonet, kafaɗunsa suna girgiza. Ni da tsohon muka juya muna kallon akuyoyi. Tun ranar jana'iza ban ga hawayensa ba sai ranar.

Muka cika ruwa muka dawo gilasai a buɗe. Allura ba ta motsa ba, gilashi tas. A duk tafiye-tafiyenmu wannan ce ta fi mini nauyi, don a ranar ce kujerar ta zama babu kowa da gaske. Da safiyar Juma'a ya ciro dardumar ya wanke a tsakar gida, Inna na kallon koren ruwa yana bin rariya. Babu wanda ya ƙara ta da zancen malami.

Har yau ina karanta littattafaina, ban tuba ba. Sai dai na gane cewa mai kewa ba ya buƙatar abu mai yawa. Ɗan ƙamshi da laima sun ishe shi ya gina mutum sukutum ya zaunar a gefensa. Kuma in na wuce gareji na ji wannan zaƙin, ƙirjina yana bugawa kafin hankalina ya tuna mini da tiyo.

Yaya ya sayar da motar tuni, ya sayi wata. Ya sake aure, kuma da aka haifa masa mace, matarsa ce da kanta ta ce a saka sunan marigayiya. Yarinyar ce mai gidan gaba yanzu. Da damina takan huhhura gilashi ta yi zane da yatsa. Yaya mutum ne mai faɗa a kan tsabtar mota, amma wannan bai taɓa hana ta ba. Sai ta sauka yake gogewa.