Tulun Rifkatu Ya Haye Kwara

Juma'a: Zuru zuwa Bagudo

Ƙarfe biyar na asuba na fito daga gida a Zuru, da tulun kiɗan Rifkatu da mabuginsa naɗe cikin tsofaffin zannuwa biyu. Matan zumuntar cocinmu na dā sun san ta. Don sababbi nake faɗa: tare muka yi ajin yaƙi da jahilci a bayan coci, a benci ɗaya, kuma ita ce mai buga mana tulu har ranar da ta bi mijinta noman auduga can ƙasar Benin. Da za ta tafi ta ce mini, "Saratu, ki ajiye mini shi. Amma kada ki taɓa, hannunki sauri gare shi." Gaskiyarta ce. Ban taɓa iyawa ba.

Ana gab da girbi 'yarta Talatu ta kira ni a waya. Ta ce ɓarin jikin mamanta na dama ya shanye tun farkon damina, kuma daga ranar ba wanda ya sake jin kalma daga bakinta. Ba ta neman abinci, ba ta kallon mutane. Abin da na tafi nema ke nan: in ga ko ƙawata tana nan a cikin jikin.

A tasha direba ya so ya ɗaure tulun bisa rufin mota tare da buhuna. Na ce a'a, a cinyata zai zauna. Ya ce, "Inna, har Koko? Ƙafafun za su mutu." Na ce su mutu, za su farfaɗo. Muka bi ta Mahuta, muka sauka Koko da hantsi. A can na daɗe ina jira kafin motar Bagudo ta cika, na ci waina, na sha kunu.

La'asar ta yi mana a Bagudo. Matar fastonmu ta haɗa ni da wata 'yar'uwa mai sayar da kifi, Mama Hannatu. Ba ta taɓa ganina ba, amma ta bar mini gadonta, ta shimfiɗa tabarma a ƙasa. Tuwon shinkafa da miyar kifi muka ci.

Asabar: Bagudo zuwa Tsamiya

Da safe na shiga motar Tsamiya. Ba mu yi nisa ba muka hau gadar Kwara. Ni 'yar ƙasar duwatsu ce, ban taɓa ganin ruwa haka ba. Ya shimfiɗu har inda ido ya ƙare, jiragen masunta a kansa kamar ɓawon gyaɗa, shinkafa kore shar a gefensa. Sai na ji bakina yana yabon Ubangiji da kansa. Wata Bafulatana da ke kusa da ni ta yi murmushi, ta sa hannu ta tallafa mini tulun, don hanyar gaba ramuka ce. Haka muka riƙe shi mu biyu har Kaoje, inda ta sauka. Ko sunanta ban tambaya ba.

A shingen kan iyaka na Tsamiya jami'in kwastan ya sa na kwance zannuwan. Ya leƙa, ya sunsuna.

"Inna, mi aka ɗauko cikin tulun ga?"

"Ba komai, ɗana."

"Tun daga Zuru kika ɗauko babu?"

Na ce na kiɗan coci ne, zan kai wa mai shi, ba ta da lafiya. Ya bugi bakin da tafin hannu, tulun ya yi gum. Ya yi dariya ya ce, "Allah shi ba ta lahiya." Na canza kuɗina zuwa sefa, kuɗin Benin, na hau mashin, na rungume tulun kamar jariri.

Ƙauyen su Rifkatu

Ƙauyen yana gefen Segbana. Na same ta a zaune a inuwa, ta rame, bakinta ya karkace. Na durƙusa na ce, "Rifkatu, ni ce Saratu." Idonta ya wuce ta kaina kamar ba kowa. Na kwance tulun na ajiye gabanta. Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Na koma bayan ɗaki na yi kukana.

Abin da na gani a gidan, shi ya ɗaga ni. Matan cocinsu 'yan wata ƙabilar yankin ce da ake kira Boko, Hausarsu kaɗan ce, Rifkatu kuwa baƙuwa ce a cikinsu. Amma sun raba kwanakin mako a tsakaninsu ba tare da wani ya sa su ba. Wannan ta zo ta yi mata wanka, waccan ta kawo koko, wata ta yi mata kitso. Talatu ta ce mini, "Mama, ko audugarmu su suka tsince."

Lahadi

Da safe suka zo da amalanke, suka shimfiɗa katifa, suka ɗora ta, suka tura har coci suna waƙa. Haka suke yi kowace Lahadi. Cocin ɗaki ɗaya ne na laka. Da aka zo gaisuwar baƙi, suka ce in yi musu waƙar garinmu, da tulun da na kawo. Na ce ban iya ba. Suka ɗauka kunya ce, suka matsa.

Na zauna kusa da amalanken, na ɗauki mabugin, na fara. Kamar kullum, kiɗan ya gudu ya bar waƙar a baya. Na ja da baya, ya sake gudu. Yara suka fara rufe baki. Ina cikin haka na ji an riƙe mini wuyan hannu. Hannun hagu na Rifkatu ne. Tana kallona sosai, da hararar nan da na sani tun muna aji. Bakinta ya yi ta motsi, ya yi ta motsi, sannan ta ce:

"Kawo."

Talatu ta zube a ƙasa. Na sa mata mabugin a hannu, na ɗora tulun a gefenta na riƙe da hannu biyu don kada ya mirgina. Ta buga. A hankali, daidai, irin bugun da ke shiga ƙirji. Na ɗauki waƙar, matan suka amsa da harshensu. Ban san me suke faɗa ba, amma ya zauna kan kiɗan cif.

Ba zan ce muku ta warke ba. Ƙafar tana nan yadda take, kuma bayan kalmar nan ba ta sake magana ba a ranar. Amma da rana ta ci tuwo da hannunta, kuma duk inda na nufa idonta yana bina.

Dawowa

Litinin na kamo hanya, na sake kwana wurin Mama Hannatu, na iso gida Talata da yamma lafiya. Na gode wa Ubangiji, na gode muku da kuka haɗa mini guzuri da addu'a, na gode wa matan can da ban iya ko gaishe su da kyau ba.

Tulun na bar shi wurin mai shi. Kun tambaye ni ko ta aiko muku da saƙo. Da na durƙusa yi mata sallama, na miƙa hannu zan shafa bakin tulun, sai ta janye shi jikinta, ta dube ni, ta ce, "A'a."

Na yi dariya har Tsamiya.