Shaidar da Na Yi wa Yaya Marlen

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, tsakanin azahar da la'asar, Yaya Marlen Saidkulov ya cika a ɗakinsa da ke unguwarmu a nan Kokand, yana da shekara tamanin da huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san da yana ji na da ya ɗaga gira ya ce, "Ustazu, faɗi dai inda za ka, ni ƙasa zan koma." Haka yake. Shekara ashirin da biyar ya yi yana koya wa ɗaliban kwalejin malamai cewa babu Allah, zamanin da gwamnatin Sobiyat ta mai da wannan darasi dole. Da gwamnatin ta rushe, abokan aikinsa suka nemi carbi suka tsayar da gemu, shi kuwa ya ce bai ga sabon abin da aka gano ba.

Ni Tashpulat, maƙwabcinsa, ni na yi shaidar da ta sa aka yi masa salla. Yau kwana tara ke nan shaidar nan ta tsaya mini a maƙogwaro, ta ƙi wucewa ta ƙi fitowa. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Yaya, bari in fara da alherinka, don shi ne abin da ba na shakka a kai. A kakar 1975 aka kwashe mu malamai da ɗalibai zuwa gonar auduga, ga shi kuma watan azumi. Ina sabon malamin lissafi, ina azumina a ɓoye. Da rana tsaka wani jami'in jam'iyya ya zo da butar shayi yana bin mu ɗaya bayan ɗaya, yana miƙa kofi yana kallon idon mutum. Wanda ya ƙi sha, aikinsa ya ƙare a ranar. Da ya iso kaina, sai ka miƙo hannunka ka karɓe kofin, ka ce, "Wannan ai gyambon ciki gare shi, likita ya hana shi. Kawo, kada a yi asara." Ka shanye tas. Da mutumin ya wuce ka matso kusa da kunnena ka ce, "Ka riƙa lasar leɓenka mana, sakarai. Daga bakin titi ake gane mai azumi." Tun ranar ka sa mini suna Ustazu, har jikokina sun tashi suna jin sa a bakinka.

Ranar da mahaifina ya rasu ma, kai ka tsaya a ƙofar gida ka tsare ɗan rahoton gwamnati na unguwarmu da hirar farashin taki, har muka yi salla a bayan gida muka fita da gawa ta lungu. Ba ka taɓa tayar da zancen ba. Da na zo godiya cewa ka yi, "Godiyar me? Ni taki kawai nake so."

Shekara arba'in muna buga dara a shagon shayi, muna gardama har gurasa ta bushe a faranti. Ba zan iya ƙirga sau nawa na ce maka, "To Yaya, in kai ne a kan kuskure fa?" Kullum da amsarka a shirye. Wata rana ka ce, "In na je na tarar da Shi, sai in gaishe Shi in ce lallai Ka iya ɓuya." In yi a'uzubillahi, ka yi ta ƙyaƙyata dariya. Wata rana kuma ka natsu ka ce, "In mai adalci ne kamar yadda kake faɗa, ba zai ƙone ni don na ƙi faɗin abin da ban yarda da shi ba." Akwai ranar da ka mayar mini da tambayar, ka ce ni fa in mabiya addinin Buda ne ke da gaskiya yaya zan yi. Na ɗauka iyakar abin da ke ranka ke nan. Kaico, ashe shekara arba'in ina zaune gabanka ban san ka ba.

Matarka Muattar 'yar gidan malamai ce, mahaifinta a ɓoye yake koyar da Alƙur'ani. Da sallayarta ta shigo gidanka. Ba ka taɓa ɗaga mata murya ba, na shaida, amma kana da baki, kuma tana ganin girmanka. Kafin shekara biyar ta naɗe sallayar ta ajiye. Matata ta yi mata magana, ta ce, "Marlen ya fi mu karatu, ba zai ɓatar da ni ba." Da ta rasu a 1986 aka sa ta a akwati, 'yan badujala na gaba suna busa, ba wanka irin namu, ba salla. Mahaifiyarta ta zauna a ƙasa bakin ƙofa tana kuka tana kiran sunan Allah, ba wanda ya iya kallonta.

Da ciwonka ya yi tsanani, 'yarka Zebiniso, wadda ta koma ga salla tun tana budurwa, ta zo ta same ni. Ta ce, "Baba Tashpulat, ni in na yi masa magana shafa kaina kawai yake yi. Kai ne yake saurara. Don Allah kada ka bari ya tafi haka." Ta ba ni kofin ruwan rumman da ɗan ƙullin auduga, ta ja mana ƙofa. Kowa ya san dalilin wannan ruwa: iyayenmu sun ce ƙishirwar mutuwa ba ta da misali, kuma a lokacin ne Shaiɗan ke zuwa da ƙoƙon ruwa ya ce a ba shi imani ya ba da sha, shi ya sa ba ma barin leɓen mai mutuwa ya bushe.

Na tsoma audugar na ɗiga maka. Ka buɗe ido ka ce, "Ustazu, kada ka wahalar da kanka. In ya zo ciniki, shagona wayam zai tarar."

Na ce, "Yaya, yau ba ranar wasa ba ce. Kalma ce guda, ba ta kai numfashi biyu ba. In babu kome can, me ka rasa? In kuwa akwai fa?"

Ka rufe ido har na zaci ka tafi. Sannan ka ce, "Ka ɗauka ban taɓa tunanin haka ba? Tun ranar da na rufe Muattar babu safiyar da ban yi ba."

Na ce to ai shi ke nan, ka faɗa.

Ka ce, "In ni ne da gaskiya, barci take yi, ba abin da ke damunta. In kai ne da gaskiya, ina take yanzu, Tashpulat? Wa ya kai ta can? Shekara talatin da tara tana wurin saboda ta yarda da ni. Sai ni kuma yanzu in faɗi kalma guda in sulale ta ƙofar baya in bar ta?"

Ni da nake zuba maka ayoyi a shagon shayi, iyakar abin da na ce shi ne Allah ne Ya san zuciyarta, ka ce kai ma ka san ta, ai kai ka juya zuciyar da hannunka. Hawaye ya gangaro maka cikin kunne, ban taɓa ganin ka yi kuka ba sai ranar. Na ci gaba da ɗiga ruwan ina maimaita kalmar shahada a hankali, ko za ka bi ni. Can leɓenka ya motsa, na kara kunnena. Sunanta ka kira, sau biyu, shi ke nan ka cika.

Da na fito Zebiniso na tsaye jikin bango. Ta ce, "Baba, ya faɗa?" Na ce leɓensa ya motsa. Ta riƙe hannun rigata ta ce, "Ya faɗa ke nan?" Na dubi fuskarta, na ce ya faɗa. Ta faɗi ta yi sujada a kan dandaryar ƙasa. Washegari Liman Ubaidullo ya ja ni gefe, don duk gari an san ka, ya ce, "Dattijo, da kunnenka ka ji?" Na ce da kunnena. Ya ce to nauyin yana wuyanka, ya shiga gaba aka yi sahu. Bayan salla ya juyo ya tambayi jama'a sau uku, yadda aka saba, wane irin mutum ne mamacin. Muka amsa, mutumin kirki ne. A duk shaidar da na yi cikin kwana biyun nan, wannan kaɗai ce gaskiya.

Na cuce ka, Yaya, don ka ƙi yin ƙarya har numfashinka na ƙarshe ni kuma na yi ta da sunanka. Na cuci Liman da mutanen da suka bi shi. Ba ni da kwanciyar rai a salla, in na kai goshi ƙasa tambayarka nake ji. Na je wurin malamai biyu na tambaya kamar zancen wani ne, duka suka ce wanda ya tafi a haka ba a roƙa masa gafara. Na dawo gida na zauna, ban san inda zan sa kaina ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga jikokinka da surukinka da ɗalibanka da ke warwatse a makarantun wannan yanki namu. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sa ku cika da imani.

Zebiniso, 'yata, ke zan fara kai wa takardar nan kafin kowa ya gani. Kwana tara kina aiko mini da shinkafa da nama kina sa mini albarka, ni kuwa ko loma ba na iya haɗiyewa. Bai faɗa ba. Mahaifiyarki ya kira. Ki yafe mini in za ki iya. In daga yau kin ga hannunki ba zai ɗagu ki yi masa addu'a ba, ba zan ga laifinki ba, ki bar mini. Na riga na ɗauki ƙarya dominsa, zan ƙara da wannan, ranar hisabi a tambaye ni duka.

Allah Ya ji ƙanka, Yaya Marlen, kai da Muattar. An ce kada in faɗa, na faɗa.