Golanmu Na Benci

A shekarun da nake tsare wa kulob ɗin unguwarmu raga a Jibiya, akwai wani mutum da aka ajiye mini a matsayin gola na biyu. Ni a lokacin saurayi ne ɗan ashirin da 'yan kai, shi kuwa ya haura arba'in, wanda a wajen 'yan ƙwallo tsufa ne tukuf. Sana'arsa awon hatsi, yana da rumfa a kasuwar Lahadi, kuma da wuya buhun gero ko na wake ya ƙetara zuwa Maraɗi bai san mai shi ba. Yaya muke ce masa gaba ɗayanmu, har da kocinmu, wani malamin firamare wanda Yayan ya girme shi nesa ba kusa ba.

An ce ya taɓa tsare wa wata babbar ƙungiya raga a Katsina tun muna yara. Babu wanda ya gani da idonsa a cikinmu, amma kowa yana da labarin da zai bayar. Wani ya ce da hannu ɗaya yake kama fenariti, wani ya ce ya taɓa tare ƙwallo yana ɗaura igiyar takalmi. Shi bai taɓa ba da labarin da bakinsa ba. Idan aka bayar a gabansa sai ya yi murmushi ya ce a bar tuna baya, wannan kuwa ya fi kowace shaida ƙarfi a wajen mutane.

Alhajin da ke ɗaukar nauyin kulob ɗin, mai manyan motoci ne, shi ya dage a bar Yaya a cikin jerin 'yan wasa. Ya ce duk manyan ƙungiyoyin da yake kallo a talabijin suna ajiye gogaggen tsoho a benci saboda ɓacin rana, mu ma ba za a bar mu a baya ba. Benci kuwa a filinmu wani katako ne da aka ɗora a kan bulo. Yaya ba ya zama a kansa saboda ciwon baya, da kujerarsa ta roba yake zuwa, ɗaure a bayan babur, da fulas ɗin shayi.

Kada a ce ba ya aiki. Shi ke jan addu'a kafin a take wasa. Shi ke raba faɗa idan 'yan gaba sun kaure a kan wanda ya hana wani ƙwallo. Idan za mu ƙetara Nijar wasan sada zumunci, shi ke sauka daga mota a Magama, bakin iyaka, ya gaisa da jami'an wannan ɓangare, ya ƙarasa ya gaisa da jandarmomi da 'yan duwan, wato kwastan na can, ya tambayi iyalan kowa, kafin ka ankara an ɗaga mana sanda. A wajen atisaye kuwa bayan ragata yake tsayawa, hannu a baya. Duk ƙwallon da ta shige ni sai ya matso ya gaya mini gefen da ya kamata in faɗa. Ban taɓa jin ya yi kuskure ba, domin sai ƙwallon ta shiga yake magana.

Abin da ya fi burge 'yan kallo shi ne ɗumama jikinsa a hutun rabin lokaci. Zai tashi ya sa safar hannu, ya yi 'yar sassarfa a bakin layi, ya taɓa ƙasa da dama, ya taɓa da hagu, ya tofa yawu a tafin safar ya tafa. Sai ka ji fili ya ɗauki sowa. Daga nan ya koma kujerarsa ya zuba shayi.

Ni ne nake shan wahalar wannan farin jini. Duk ranar da aka ci ni, ko da fenariti ne, sai 'yan kallo su fara kiran a sa tsoho. Mutanen Bugaje da Daddara da ke zuwa a kan babura su suka fi kowa ɗaga murya. Golan da ba ya shiga fili ba a cin sa, saboda haka a lissafinsu Yaya ya yi shekaru babu wanda ya zura masa ƙwallo, ni kuwa kusan kowane mako sai an zura mini. Abin ya ci mini rai har wata rana bayan atisaye na tare shi na ce, "Yaya, in ragar kake so ka faɗa mini in ba ka wuri. Na gaji da zagin mutanen nan."

Ya dube ni kamar na yi masa mugun baki. Ya ce, "Ƙanena, kada ka sake faɗin wannan magana inda koci zai ji. Raga taka ce. Ni nan da ka gan ni, addu'ata kullum Allah Ya ƙara maka lahiya."

Na ɗauka daɗin baki ne, ashe da gaske yake. Ban taɓa samun wanda ya damu da lafiyata kamar mutumin nan ba, har da mahaifiyata. Idan ya ji na yi tari sai ya aiko mini da citta da zuma. Da zazzaɓi ya kwantar da ni ana jibi wasa, shi ya ɗauko mai allura a babur ɗinsa ya kawo har ɗakina, ya tsaya a kaina sai da na shanye kunu. Da ya ji na fara zuwa zance Daddara a kan babur ɗin abokina mai gudun tsiya, sai ya hana, ya ce shi zai riƙa kai ni. Haka ya riƙa goya ni yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, masu kekuna suna wuce mu. Ya ajiye ni a ƙofar gidan su yarinyar, ya koma gindin bishiya ya jira. Iyayenta sun daɗe suna zaton kawuna ne.

Ranar da abin da yake gudu ya faru, wata ƙungiya ce daga ƙetaren iyaka ta zo rama mana ziyara bayan Babbar Salla. Fili ya cika, har a kan katangar makaranta mutane suka zauna. Mu muka fara ci. Ana gab da tafiya hutu aka bugo kwana, na fita in naushe ƙwallo, ɗan gabansu, wani dogo mai faɗin ƙirji, shi ma ya taso. Muka haɗu a sama, na sauko a kan kafaɗata ta dama. Na ji wani abu ya goce, hannun ya saki.

Mutum na farko da ya iso kaina Yaya ne. Ya riga koci, ya riga alƙalin wasa da ke kusa da ni. Waɗanda suka ga gudun da ya yi daga kujerarsa sun ce ko a samartakarsa sai haka. Ya durƙusa ya fito da man zafi daga aljihu yana murza mini kafaɗa.

"Tashi, ba komi ba ne," in ji shi. "Targaɗe ne. Miƙe hannun in gani."

Na ce, "Yaya, ba ya ɗaguwa."

"To ɗayan fa? Ai hagu lahiyarsa lau. Gola da hannu guda ma yana tsaron raga."

Koci ya iso ya duba, ya ga yadda kafaɗar ta zame, ya girgiza kai. Ya juya a hankali, cikin ladabi, ya ce, "Yaya, sai dai ka taimaka mana."

Yaya ya waiwaya benci kamar zai ga wani golan da bai sani ba. Babu kowa sai 'yan baya biyu da fulas ɗinsa. 'Yan kallo kuwa tuni sun gane abin da ake ciki, fili ya rikice da murna. Ina kwance a ƙasa ina jin mutanen garinmu suna tafi saboda kafaɗata ta goce. Alhaji ya taso daga inuwa yana gaya wa baƙinsa cewa yau za su ga dalilin da ya sa ake ajiye tsoho.

Aka matsar da ni gefe, wani mai ɗori daga cikin 'yan kallo ya ja hannun ya mayar, ya ɗaure mini da rawani. Na ƙi tafiya gida. Aka ɗora ni a kujerar Yaya, daga nan na kalli sauran wasan.

Rigar gola ta ƙi rufe masa ciki, sai da ya bar ta a waje. Amma fa da ya tsaya tsakanin turakun nan ya buɗe hannuwa, ni kaina sai da na ji kwarjininsa. Ya fara ba 'yan baya umarni da wata murya da ban san yana da ita ba, ya jera su, ya hana kowa haurawa. Ƙwallon farko da ta zo a ƙasa take, a hankali. Ya durƙusa ya rungume ta, ya kwanta a kanta, ya daɗe bai tashi ba har alƙalin wasa ya zo duba ko lafiya. Mutane suka ce wannan ita ce gogewa, yana kashe lokaci. Ni da na san gwiwarsa na gane tashin ne yake ba shi wuya.

Bayan hutu baƙin suka gano shi. Kocinsu ya riƙa yi musu ihu su buga balo, wato ƙwallo, daga nesa kawai. Ta farko ta wuce ta gefen hagunsa, ya bi ta da ido har ta taɓa raga, sannan ya juya ya rufe ɗan bayanmu da faɗa. Ta biyu ta tsakanin ƙafafunsa ta bi. Can kuma aka ba su fenariti, dogon nan da ya buge ni ya ajiye ƙwallo. Yaya ya tako har gabansa ya miƙa masa hannu, ya tambaye shi ko shi ne ɗan wane mai kawo wake daga Ɗan Isa. Yaron ya ce shi ne. Ya ce ya gaida baban, ya tambayi jikin kakarsa, ya koma raga. Yaron ya amsa cikin girmamawa, ya ja baya, ya narka ƙwallo a kusurwa. Yaya ko motsi bai yi ba.

Da aka tashi, uku da ɗaya, koci ya tambaye shi a hankali me ya hana shi ko gwada faɗuwa. Ya ce, "Malam, in na faɗi ban tashi ba, wa za ka sa? Gola biyu gare ka, ɗaya ga shi can a ɗaure."

Na tafi gida da ciwo, amma raina fari ƙal, don na tabbata daga ranar an gama kiran a sa tsoho. Zuwa ranar kasuwa sai na ji labarin ya sauya kama. A rumfunan hatsi ana cewa 'yan baya ne suka ci amanarsa. A tashar babura ana cewa ba don shi ba da goma za a zura mana. Wani ya rantse ya ga yatsansa ya taɓa fenaritin. Wasu ma suka ce laifina ne da na bar shi ya shiga ba shiri. Alhaji ya aika masa da shadda.

Mai ɗori ya ce sai na yi wata biyu ban taɓa ƙwallo ba, ga wasanni a gabanmu. Yaya ya zo duba ni sau biyu, ya ɗaga mini hannun ya sauke. Daga nan na daina ganinsa. Ashe yawo ya shiga yi a ƙauyuka da yamma, yana tsayawa duk inda ya ga samari suna buga ƙwallo. A Bugaje ya samo wani matashi siriri mai tsalle kamar kyanwa, ya goyo shi a babur ya kawo wa koci, ya ce ya daɗe yana bibiyarsa. Kafin wasa na gaba an yi masa rajista. Yaya ya koma kujerarsa.

Matsalar ita ce matashin ya fi ni iyawa, kuma kowa ya gani. Da na warware na dawo atisaye, koci ya riƙa kauce wa idona. Na wuce rumfar Yaya a kasuwa na same shi yana awo, na ce, "Yaya, ka kyauta. Ka kawo wanda ya karɓe mini raga."

Ya sallami mai sayen, ya share mini buhu in zauna. Ya ce wallahi bai yi da nufi ba, shi wanda zai riƙe wuri ya nema, bai san yaron zai wuce haka ba. Na ce to shi ke nan, ni zan zama gola na biyu, shi sai ya huta. Nan take fuskarsa ta canza. Ya ce benci ba wurin yaro ba ne, yana so a sami natsuwa da sanin mutane, kuma Alhaji cewa ya yi a ajiye tsoho, bai ce saurayi ba. Ya ce in bar masa maganar zai ga koci.

Ya gan shi kuwa. Washegari koci ya kira ni ya ce an lura ina da tsawo da ƙarfin ƙafa, za a gwada ni a baya. Aka ba ni lamba biyar. Ban iya ba, amma babu mai zagin ɗan baya kamar yadda ake zagin gola, sai na zauna. Na yi 'yan shekaru a nan har na yi aure na koma harkar lodi a tashar manyan motoci.

Daga baya matashin na Bugaje shi ma ya bar mu, wata ƙungiya a Katsina ta ɗauke shi. Kafin a kai ga tambayar wanda zai maye gurbinsa, rufe iyaka ya tsayar da motocin Alhaji, ya ce ba zai iya ci gaba da ɗaukar nauyi ba, kulob ɗin ya watse. Yaya ne ya tattara ragar da ƙwallayen ya kai wa makarantar da muke aron filinta, ya ce a ba yara.