Gangar Yunusu a Cikin Injin Fotokofi

Abdurazak ɗan Yunusu makaɗi bai taɓa cika awa guda a zaune ba, sai fa in barci ne ya kayar da shi. Ko a masallacin Juma'a, in liman ya ja huɗuba, sai ka ga gwiwarsa tana rawa ita kaɗai har na kusa da shi ya gaji ya dafa ta. A Tawa, bayan tasha, inda yake da rumfar gyaran injinan ofis, maƙwabta sun daina mamakin ganin ya miƙe ana tsakiyar magana, ya zagaya rumfar sau biyu, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Matarsa Rahinatu ta ce shekara goma sha ɗaya tana zuba masa tuwo, ba ta taɓa ganin ya cinye shi wuri ɗaya ba.

A Affala aka haife shi, a gidan da suka gaji kiɗan noma tun kaka da kakanni. Ranar gayya ubansa ke rataya ganga ya bi bayan manoma, kowane ƙato da takensa, da ya ji an kaɗa shi ya san da shi ake. Yunusu ya so ɗansa ya gaje shi, ya kuwa gwada da lallashi, ya gwada da ranƙwashi. Kunnen yaron ƙalau yake, in ya ji take sau ɗaya ya riƙe ke nan. Hannun ne ya ƙi. Kullum gaggawa yake yi, kafin ganga ta gama faɗin kalma ɗaya shi ya kai ta uku. Yana da shekara goma sha huɗu uban ya fizge gular daga hannunsa a gaban mutane.

"Tahi lakwal ɗinka," in ji Yunusu. "Hannun ga naka ba na ganga ba na."

Ya tafi, maganar kuwa ta bi shi har Tawa. Lakwal ɗin ma, wato makarantar boko, bai gama ba. Ya yi kabu-kabu wata takwas ya ajiye, ya sayar da katin waya, ya haura Agadas ya dawo da rama da tari, ya zauna ƙofar wani ofis yana buga wa mutane takardu. Daga ƙarshe ya faɗa hannun wani mai gyaran injinan buga takarda, nan ne ya tsaya. Ba don ya natsu ba, a'a, sai don kowane inji da irin cutarsa, kafin ya gaji da wannan an kawo wani.

Wata shekara wani porje, irin ƙungiyoyin aikin raya ƙasa ɗin nan, ya tashi daga garin, aka fitar da tarkacen ofishinsa za a zubar. Abdurazak ya kwaso amalanke biyu cur: tsofaffin injinan buga takarda masu allura, ƴan akwatinan da ake zura wa disket, sikana mai ɗaukar hoton takarda guda uku, da wata ƙatuwar fotokofi da ta mutu murus. Rahinatu ta tsaya bakin ƙofa ta riƙe haɓa, ta tambaye shi ko ita da ƴaƴan za su koma kwana a titi ne.

Wata ranar da azahar yana gwada ɗaya daga cikin masu allurar, injin ya ja ƙara ya yanke, ya sake ja ya yanke. Abdurazak ya tsaya cak da sukudireba a hannu. Ya sake tura masa layi guda na harafi ɗaya, ƙarar ta yi sama. Ya canza harafin, ta sauko. Ranar bai ci abincin rana ba, masu jiran gyara kuwa sun gaji sun tafi suna zaginsa. Ya bi wani malamin ordinatar, wato kwamfuta, har gida yana naci, sai da ya nuna masa yadda ake ba ƙaramin moto umarni ya juya da sauri ko a hankali. Kafin shekara biyu, akwatinan disket takwas suna rera waƙa a kan tebur ɗinsa, sikana tana ja musu baki da muryarta mai kauri. Samarin kabu-kabu suka riƙa tsayawa suna miƙo wayoyi a zuba musu. Rahinatu dai ta ce ita ba ta jin komai sai kukan gyare.

Duk wannan bai taɓa kai labarinsa Affala ba. Da Salla yakan je ya gai da tsoho, ya kwana ɗaya da ƙyar, gari na wayewa ya hau babur. In an tambaye shi sana'arsa a gaban uban, sai ya ce gyara, ba ya ƙara ko kalma. Tsoron bakin tsohon yake yi, kuma ya san yana yi.

Da bazarar bana ciwo ya kayar da Yunusu, ya shanye masa ɓarin dama. Baki ya ɗan karkace, hannun gula ya mutu. Aka rataye gangar a turken ɗaki. Da ruwa ya zuba, sai ga Alƙasum, sarkin noman Affala, ranar kasuwa a rumfar Abdurazak. Ya ƙi zama, shi ma mai rumfar dama ba zaune yake ba.

"Abdu, ba ni ɓoye maka," in ji Alƙasum. "Hatsi ya tashi, haki ya tashi ya cika gona. Alhamis ta sama muna gayya gonata. In babu ganga daga gidanku, dole in aika garin Kalhu a zo da makaɗa. Ka kuwa sani, in sunka shigo sau guda, kiɗan garin ya bar gidanku ke nan."

"Baba ya ji wanga zance?"

"Ya ji. Tun rannan ko hura bai sha sai an matsa mai."

Kwana goma suka rage. Abdurazak ya rufe rumfa ya kama hanyar Affala. Ya tarar da uban a kan tabarma, ya rame, ido ya faɗa. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ajiye waya kusa da bakinsa tana ɗaukar murya, ya roƙe shi ya faɗi taken kowa da baki.

"Mi za ka yi da su?"

"Ka dai hwaɗi, Baba."

Tsohon ya dube shi. Sannan ya fara, yana kiran suna yana kwaikwayon ganga da karkataccen bakinsa, take talatin da huɗu, a jere yadda suke a kansa. Abdurazak yana kai da kawowa tsakanin ƙofa da rumbu, hankalinsa ya riga ya koma Tawa wajen motocin inji da wayoyi. Bai tsaya ya tambayi ko ɗaya daga cikin sunayen ba. Ya sauke gangar daga turke ya ɗaure ta a bayan babur, uwarsa tana kallo.

Da ya koma Tawa ya fafe cikin matacciyar fotokofin ya kwantar da gangar a ciki. Ya ciro motocin da ke jan takarda, ya ɗaura wa biyu gula, na uku ya sa masa ɗan matashin fata da zai danne fatar gangar ya kashe amo. Gula ta karye sau huɗu, moto biyu suka ƙone, ya ƙona yatsa har ya yi bororo. Don gwaji ya ware maɓallai uku a allon rubutun ordinatar, ya shafa musu jan farcen Rahinatu: ɗaya ya daki tsakiya, ɗaya gefe, ɗaya ya danne. Da ya ga duka ukun suna amsawa, sai ya zauna, in dai za a kira wannan zama, ya shigar da taken nan talatin da huɗu cikin ordinatar, ta riƙa kaɗa su da kanta ɗaya bayan ɗaya. Da ya saurara, tsigar jikinsa ta tashi. Babu gaggawa, babu kuskure. Abin da hannunsa ya kasa, ga shi ƙarfe ya yi.

Ranar Alhamis da hantsi aka kai injin bakin gonar Alƙasum a amalanke, da ordinatar da batirin mota da lasifika. Aka ɗauko Yunusu ma aka jingina shi da gindin aduwa. Abdurazak ya danna jajayen maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya don ya tabbata hanya ba ta kwance wani abu ba. Tsohon ya kau da kai yana kallon duwatsu, amma wutsiyar idonsa tana kan allon.

Maza wajen arba'in suka jeru da hauyoyi. Abdurazak ya saki kiɗan. Muryar gangar Yunusu ce sak, wata tsohuwa cikin masu kawo fura ta rangaɗa guɗa, samari suka yi ihu suka duƙa. Kunya biyun farko an yi su da dariya da ƙarfi.

Daga nan abu ya fara lalacewa. Gonar ta haura wani fako mai tsakuwa inda hauya ba ta shiga sai da dabara, injin kuwa bai san da fako ba, yana nan a kan saurinsa. Samari suka yi gaba, dattawa suka rage baya suna haki, layi ya karkace. Ya kaɗa taken wani mutum alhali mutumin yana bayan geza yana fitsari, aka bushe da dariya. Abdurazak ya ruga ya rage sauri, samari suka yi ƙorafi, ya ruga ya ƙara, wani tsoho ya jefar da hauya ya zauna. Gumi ya jiƙa masa riga, yana gudu tsakanin amalanke da bakin kunya.

Sai injin ya shiga wani take mai daɗi, mai tsalle, ya maimaita shi sau uku yadda aka umarce shi. Hauyoyi suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Babu mai dariya. Abdurazak ya duba fuskar ordinatar ya ga an rubuta Isufu. Isufu uku ne a garin. Wannan shi ne babban ɗan Alƙasum, wanda ya tafi cin rani Abijan bara aka aiko da labarin rasuwarsa. Abdurazak har gaisuwa ya yi ta waya. Yunusu ya faɗi taken ne don yana cikin kansa, bai taɓa tunanin akwai mai kaɗa wa mutum take ba tare da ya ɗaga ido ya gan shi a gona ba.

Alƙasum ya miƙe a hankali.

"Kashe abin ga," ya ce. Ya juya wajen ƙanensa Sulaimanu. "Hau babur ka tahi Kalhu."

Abdurazak ya zare wayar batiri. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya rasa inda zai sa kansa, ƙafarsa har ta fara jansa wajen hanya. Sai ya ji an kira shi daga gindin aduwa, da sunan da rabon da ya ji shi tun yana yaro.

"Razaku. Kawo allon nan mai ja."

"Baba, ya isa haka."

"Na ce ka kawo. Abin naka na da hannu, ido na bai da."

Ya mayar da wayar, ya ja allon iya tsawon igiyarsa. Babu tebur, cinyar tsohon kuma ba ta riƙe komai, dole ya durƙusa a gabansa ya tallabe allon da hannu biyu. Yunusu ya ɗora yatsun hagu uku a kan jan farcen. Ya danna, ganga ta amsa daga cikin fotokofi. Ya yi kuskure, ya ja tsaki, ya sake. Sannan ya ɗaga kai ya bar kallon allon, ya zuba wa gonar ido.

Bai fara da sarkin noma ba. Tsohon nan da ya jefar da hauya ya nema, ya kaɗa masa takensa a hankali, daidai numfashinsa. Mutumin ya dubi aduwa, ya yi murmushi, ya lalubi hauyarsa. Yunusu ya jira har ya duƙa, sannan ya kira na kusa da shi, ya kira na gaba. Da samari suka zabura sai ya danne amo ya ja musu linzami har dattawa suka cim musu. Layi ya miƙe. Alƙasum kaɗai ya rage a tsaye, ya ba gonar baya. Yunusu ya bar shi ya daɗe, sannan ya kaɗa takensa ƙasa-ƙasa, sau ɗaya tak, ya yi shiru.

Alƙasum ya goge fuska da hular kansa. Ya tofa yawu a tafin hannu ya ɗauki hauya. Can bakin hanya Sulaimanu, da bai riga ya tafi ba, ya kashe babur ya jingina shi.

Hawaye suna zuba a fuskar Abdurazak, ba hannun sharewa, allon ya ɗan girgiza.

"Kana motsi," in ji Yunusu, idonsa na kan manoma. "Riƙe daidai."

Ya riƙe. Tsakuwa tana cin gwiwarsa, ƙuda suna sauka a wuyansa, inuwar aduwa ta gusa ta bar shi cikin rana. Mata suka sauke fura, aka sha aka koma, tsohon bai ce a ajiye ba, shi ma bai tambaya ba. Har aka kai kunyar ƙarshe da la'asar yana nan durƙushe inda yake, bai motsa ba.