Gurbin Gwiwoyin Inna

A shekarun da na yi ina aikin ofis a Karaye, abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne sanin lokacin da inuwar darbejiya za ta iso tagarmu. Ba wanda ya zalunce ni a wurin. Kawai dai in na tashi da yamma, ba ni da abin da zan nuna in ce ga shi, ni na yi. Wata rana aka kawo masu sa tayil su gyara ɗakin taro. Na tsaya a bakin ƙofa da fayil a hammata ina kallon babbansu, wani mutumin Rogo, yana jan igiya daga bango zuwa bango. Kafin la'asar ƙasar da na sani da tudu da kwari ta kwanta sumul kamar ruwa a faranti. Sai da aka biyo sawuna na tuna inda aka aike ni.

Na fara binsa ranakun hutu. Da ya ga tafin hannuna dariya ya yi, ya ce wannan ko tuwo mai zafi ba zai iya yanka ba. Shi ya koya mini kwaɓa siminti, da ƙwanƙwasa tayil in saurari ko akwai rami a ƙarƙashinsa, da aiki da lebur, wato ma'aunin nan mai ɗigon ruwa a tsakiya. Har yau in ɗigon ya tsaya cak tsakanin layukan nan biyu, sai in ji wani daɗi da ban taɓa ji a kan kujera ba. Da muka gama wani gida a Gwangwan, na koma na ajiye aikin ofis.

Matata ta yi ƙorafi ta haƙura. Abokai suka yi ta tsiya, su ma suka gaji. Inna ce matsalar.

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini faɗa ido da ido. Tun ina yaro, duk gaisuwar da zan yi mata tana ƙarewa da "Allah ya yi albarka." Daga ranar da labari ya isa garinmu Turawa, sai wannan kalma ta ɓace. Za ta amsa gaisuwa tsaf, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har akuyar gidana, sannan ta ci gaba da jan carbi. Ƙanwata ce ta tsegunta mini abin da ta ce: wai ta soya ƙuliƙuli har idonta ya tafi don in zauna a kujera, ni kuma na zaɓi rarrafe. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Ina da gemu har da furfura, amma kullum na fito daga ɗakinta sai in ji kamar an hana ni abinci.

Idon nata kuwa da gaske ya tafi, sai dai ta bambance haske da duhu. Wata damina laima ta kama ɗakinta, gara ta fara cin ƙafar gado. Ƙannena suka ce ga mai tayil a gida, me ake jira? Inna ta ce a bar mata ɗakinta. Sai da tari ya kama ta sannan ta yarda ta koma ɗakin ƙanwata na 'yan kwanaki, ba tare da ta ce mini uffan ba.

Ɗakin daɓe ne irin na da, wanda matan unguwa suka buga da madaɓi lokacin da aka kawo ta gidan, suka shafe shi da makuba har ya yi ja yana sheƙi. Muka fitar da manyan kaya, na share, na fara aza lebur don in san inda zan cike. Ko'ina ɗigon yana zama lafiya, har na sara wa matan nan a raina. Da na zo kusurwar gabas, inda buzun sallarta yake, sai ɗigon ya gudu gefe guda. Na ɗaga buzun.

Gurbi biyu na gani a jere, masu santsi, kowanne kamar cikin ƙaramar ƙwarya. A gabansu kaɗan akwai wasu biyu marasa zurfi, sannan ɗaya a can gaba. A baya kuma ƙasar ta ɗan lotsa. Na daɗe ina kallo kafin na gane: gwiwoyi ne, da tafukan hannu, da goshi, da inda take tsayawa. Daɓen da in ka sare shi da diga sai hannunka ya yi zafi, shi ne jikin tsohuwar nan ya lotsa a hankali, ta cikin buzu, sallah bayan sallah. Na sa gwiwata a ciki, ta yi wa gurbin girma.

A nan na fahimci abin da ya sa ba ta taɓa tambayar kowa alƙibla tun da idonta ya tafi. Ƙafarta ce ke nemo wurin. Da na zuba siminti na shafe shi, da kullum sai ta jira wani ya kama kafaɗarta ya juya ta, ita da ko ruwan alwala ba ta son a ɗebo mata.

Ƙanena ya leƙo ya ce in cike ramin mu wuce, aiki ba zai yi kyau da faci a tsakiya ba. Na ce masa ya je ya ga ko yashi ya iso. Na sa tayil mai kaushi, marar santsi, a duk ɗakin, na bar wurin sallar yadda yake. Da yake tayil ya fi daɓen tudu, sai na yanka ƙananan gutsattsari na kewaye shi, na kwantar da su gangare-gangare, na goge bakinsu har sai da na rufe ido na bi da yatsa ban ji kaifi ba. Ban taɓa ɓata lokaci a kan ɗan wuri kamar wannan ba, ban kuma taɓa jin tsoron aiki kamarsa ba.

Ranar da aikin ya bushe, da hantsi, ƙanwata ta riƙo Inna zuwa bakin ƙofa. Inna ta cire takalmi, ta taka, ta tsaya. Na ga fuskarta ta canja da ta ji sanyin tayil, irin fuskar wanda ya shiga gidan da ba nasa ba. Ta saki hannun ƙanwata ta nufi gabas tana jan ƙafa. Ni ina durƙushe a gefe. Da yatsun ƙafarta suka sauka a kan tsohon daɓen, sai ta tsaya cak. Ta sunkuya a hankali, gwiwoyinta suka faɗa gurbinsu. Ta daɗe tana shafa bakin tayil ɗin da na goge.

"Wa ya ce masa ya bar nan?" Ƙanwata take tambaya, kamar ba na ɗakin.

Ƙanwata ta ce ba kowa.

Sai ta miƙo hannu inda take jin numfashina. Hannun ya sauka a gwiwata, inda wandon aiki ya yage. Rabon da Inna ta taɓa ni, na manta. Ta danna taurarriyar fatar wurin da babban yatsa, ta sake dannawa.

"Ta yi kanta," in ji ta.

Na ce, "Aikin ne, Inna. A durƙushe ake yinsa."

Ba ta ɗaga hannunta ba. Can ta ce, "To, Allah ya yi albarka." Sannan ta ce a miƙo mata buzunta, kuma in fita da wannan wando haka kafin baƙi su gan ni.