Kukar Tsibiri

A shekarar da gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, malaminmu na labarin ƙasa ya gano abin da ya fi damun 'yan aji shida: ba mu taɓa ganin tsibiri ba. Akwai wani ɗan ƙarami a tsakiyar dam ɗin da ke yamma da ƙauyenmu, tudun wani tsohon gari da ruwa ya cinye. Ya ce za mu je mu ga halittun Allah, mu ji tarihi.

Da na gaya wa Inna, tambaya ɗaya ta yi: "Akwai kuka a can?" Kukokin garinmu an zage su tas, har rassan sama. Kwana da kwanaki muna cin tuwo da ruwan gishiri. Ta ce, "Kada ki dawo min hannu biyu."

Wani masunci ya ƙetara da mu a kwalekwale. Ruwan ya ja baya, rabin tafiyar tura mu ya yi cikin laka, Malam na zaune a gaba ya naɗe ƙafar wando yana nuna mana tsuntsaye da tsinin lema.

Tsibirin kuwa kore shar. Tafasa har ƙugu, ga wata kuka da ba wanda ya taɓa. Malam ya tsaya kan wata rusasshiyar katanga ya fara bayanin mutanen da. Da ya juyo, ba mai sauraronsa sai ni, ni ma kunya ce ta riƙe ni. Maza suna kan kuka suna zubo ganye, mata na tarewa da zani.

"Kai, jahilai! Kallo aka kawo ku ko kiwo?"

Wani yaro daga sama ya ce, "Malam, muna ji. Ci gaba da tarihin."

Ya sa aka sauko, ya karɓe ganyen duka ya ɗura a buhu, wai zai kai wa hedimasta shaida. Ban san inda buhun ya fito ba. Na dai lura a ninke yake tsaf, kamar wanda aka zo da shi daga gida.

Yana cikin ɗaure bakinsa na zagaya bayan kukar, na cusa ganye cikin ɗankwalina har kaina ya yi biyu. A kwalekwale Malam ya dube ni, ya dubi kan. Ya ce, "Ku yi koyi da wannan, ita kaɗai ce mai natsuwa."

Inna ta yi miya a daren nan, mun lashe har kwano.

Washegari ta aike ni ɗebo wuta gidan Malam. Shaidar hedimasta na shanye a tabarma uku a tsakar gida, matarsa na korar kaji. Na gaishe ta, na ɗebi garwashina na fito.