Ranar da Mota ta Kaɗe Goggo

Goggona, ƙanwar babana, kurma ce tun wani zazzaɓi da ta yi tana yarinya. A Turba take zaune, ba ta shigowa Isa sai ranar kasuwa, da ƙwaryar daddawa a ka. Shekarar da aka shimfiɗa kwalta ta gaban shagona na ɗinki, na sha nuna mata da hannu ta riƙa duba dama da hagu kafin ta ƙetara. Sai ta yi dariya ta ture hannuna. Tun tasowarta take bin hanyar nan da ƙafa, jakuna ke kauce mata.

Da hantsi ne, ina kan keken ɗinki, na ji ƙarar birki. Na leƙo na ga daddawa warwatse a kan kwalta, ga zanen da na ɗinka mata da Sallah. Wata mota ce shaƙe da buhunan albasa za ta Nijar. Direban bai gudu ba. Ya fito hannuwa a ka yana cewa, “Wallahi na yi mata oda, sau ukku na yi!”

Wani mahauci ya ce, “Kurma ce, ɗan banza! Da mi za ta ji?”

Ban je wurin Goggo ba. Benci na ɗauka na kutsa cikin taron da ya rufe direban. Na sauke masa shi a kafaɗa, na sake, har katakon ya tsage. Yana kiran sunan Allah, muna dukansa. Wasu sun ɗaga wayoyi suna ɗauka.

Wata tsohuwa mai ƙosai ce ta ja rigata. “Ɗana, bar shi hakanan, goggonka na da sauran rai.”

Na ce, “Za ni, Inna, bari in gama da shi.”

Ko da na je, ta cika. Tsohuwar ta ce ta daɗe tana numfashi, tana ƙoƙarin jan zane ta rufe ƙafafunta. Ga babura birjik a bakin hanya, amma masu su duk suna wurin duka, ba wanda ya ɗauke ta zuwa asibiti.

Kwana uku da jana'iza, muna zaman makoki, wani maƙwabci ya miƙo mini waya, wai in ga yadda na rama wa Goggo. Na ga kaina da benci. Can gefen hoton, ga hannun Goggo yana ɗagawa yana sauka. Ya ce hoton ya kai har Sabon Birni, kowa na yaba ni.

Direban ya rayu, amma hannunsa na dama ya shanye, ya bar tuƙi. Mun tara ƙasa da kututturan dabino mun yi tudu a kan kwaltar don motoci su riƙa rage gudu. Damina ta wanke ƙasar, kututturan kuma aka kwashe aka yi girki da su.